Mota ɗaya, lambobi uku: abin da saitin giya ke yi wa gudun 718 Cayman

A takardar bayanan Porsche 718 Cayman da ta fito a 2016, layin da ke nuna lokacin da motar ke ɗauka daga tsaye zuwa gudun kilomita 100 a awa ɗaya yana ɗauke da lambobi uku: sakan 5.1, sakan 4.9 da sakan 4.7. Inji ɗaya ne a duka ukun, mai silinda huɗu da turbo (na'urar da ke tura ƙarin iska cikin inji), lita 2.0, ƙarfin doki 300, yana zaune a tsakiyar mota bayan kujeru, yana tura tayoyin baya kaɗai. Lambar farko ta mai giyar hannu ce. Ta biyu ta mai akwatin giya ce mai kuloci biyu, wanda kamfanin ke kira PDK. Ta uku ma PDK ɗin ce, ko haƙorin giya ɗaya ba a sauya ba, sai dai an ƙara wa motar kunshin Sport Chrono, wanda mafi yawan aikinsa sabon umarni ne ga kwamfutar da ke sarrafa inji da giya, tare da wani ɗan maɓalli a jikin sitiyari da ake murɗawa tsakanin Normal, Sport, Sport Plus da Individual.

Direban da ya karanta wannan layin, abin da zai fara zuwa masa a rai shi ne, da zarar ya murɗa maɓallin zuwa Sport Plus, giya za ta riƙa shiga da sauri, motar kuma ta ƙara gudu a ko'ina. Rabin wannan tunanin gaskiya ne, rabin da ya rage kuwa shi ne ya sa na zauna rubuta wannan nazarin. Zan bi motar nan guda ɗaya zuwa wurare uku: layin tashi a filin gwaji, bayan wata tirela a hanya mai hannu biyu, da kuma bakin kwana bayan an yi ruwa. A kowane wuri saitin yana aiki, amma aikin da yake yi ya sha bamban, kuma inda ya fi taɓa rayuwar direba shi ne inda lambobin nan uku ba su ce komai ba.

Abin da ke cikin akwatin

Akwatin giya mai kuloci biyu tamkar akwatuna biyu ne na giyar hannu da aka cusa a gida ɗaya. A PDK mai giya bakwai, kuloci na ɗaya yana riƙe da giya ta 1, 3, 5, 7 da ta baya, na biyu yana riƙe da 2, 4 da 6. Idan motar tana tafiya a giya ta uku, ɗaya ɓangaren ba ya ɗauke da kaya, don haka kwamfuta tana iya saka ta huɗu ta ajiye tana jira. Lokacin canji ya yi, sai kuloci ɗaya ya riƙa saki yayin da ɗayan ke kamawa, ƙarfin inji ya ƙaura daga wannan hannu zuwa wancan ba tare da ya yanke daga taya ba.

Dabarar tsohuwa ce. Injiniyan Faransa Adolphe Kégresse ya yi mata rajista tun 1939, amma ba ta samu kwamfutar da za ta iya da ita ba sai bayan shekaru da dama. Porsche ta gwada ta a motocin tserenta 956 da 962, har 962 ta ci tsere da ita a filin Monza na Italiya a 1986. Abin da ya ja hankalin injiniyoyin a lokacin shi ne injin turbo: idan direba ya ɗaga ƙafa daga totur don ya canza giya, matsin iskar turbo yana faɗuwa, sai an sake jira ya taru. Da kuloci biyu, ƙafa ba ta barin totur. Motar kasuwa ta farko da ta yaɗa wannan tsari ita ce Volkswagen Golf R32 a 2003, Porsche 911 kuma ta samu nata a 2008.

A riƙe abu ɗaya daga nan, domin zai dawo: saurin akwatin nan ya dogara ne a kan hasashe. Kwamfuta tana duban yadda aka taka totur, da birki, da gudun mota, sai ta yanke shawarar giyar da za ta ajiye a ɓangaren da ke hutawa. Idan ta yi daidai, canjin ƙiftawar ido ne. Idan ta ajiye ta sama alhali direba ta ƙasa yake so, dole ta cire wadda ta saka, ta saka wata, sannan a fara musayar kuloci.

A layin tashi

Tazarar farko, daga 5.1 zuwa 4.9, ba ta da wuyar ganewa. Mai giyar hannu, komai ƙwarewarsa, sai ya raba inji da taya na ɗan lokaci a kowane canji, kuma a wannan ɗan lokacin motar ba ta ƙara gudu, iska ma tana rage mata. PDK ta fi giyar hannu nauyi da kusan kilo 30, amma duk da haka tana cin riba domin ba ta da wannan giɓin.

Tazara ta biyu ita ce abin dubawa. Daga tsaye zuwa kilomita 100, motar tsere irin wannan sau ɗaya ko sau biyu kawai take canza giya, kuma tun a saitin Normal ƙarfin ba ya yankewa a lokacin canjin. To daga ina sakan 0.2 ya fito? Kusan dukkansa daga mitocin farko ne, kafin ma a kai ga canjin giya. Sport Chrono yana zuwa da tsarin tashin tsere: a Sport Plus, direba ya danne birki da ƙafar hagu, ya take totur har ƙasa da ta dama, kwamfuta ta ɗaga juyin inji sama ta riƙe shi a can, turbo ya fara tara iska, motar kuma tana tsaye cik. Ana sakin birki, kuloci ba ya kamawa gaba ɗaya lokaci guda. Kwamfuta tana barinsa ya ɗan riƙa zamewa, tana auna juyin tayoyin baya, tana ba su iyakar abin da kwalta za ta iya ɗauka, ba ƙari ba ragi.

Wanda ba shi da wannan tsarin, ko yana da shi bai kunna ba, yana tashi ne daga juyin da inji ke yi idan mota tana tsaye, ƙasa da 1,000 a minti ɗaya. Injin 718 yana ba da cikakken ƙarfin murɗawarsa, Nm 380, daga juyi 1,950 zuwa 4,500, kuma ko wannan sai turbo ya cika. Don haka akwai ɗan lokaci a farkon tashi da ƙafa take ƙasa amma ƙarfin bai iso ba. Wannan ɗan lokacin ne ake sayarwa a lamba ta uku.

Shaidar da ta fi gamsar da ni ita ce yadda tazarar ke maimaita kanta a motocin da ƙarfinsu ya bambanta. 718 Cayman S, mai lita 2.5 da ƙarfin doki 350, lambobinta 4.6, 4.4 da 4.2 ne. 911 Carrera ta 2019 tana da 4.2, da Sport Chrono kuma 4.0. Inji daban, nauyi daban, amma ribar ba ta motsa daga 0.2 ba. Irin wannan ribar da ake samu sau ɗaya a farkon tafiya, a ɗauke ta a haka har ƙarshe, alamar tashi ce. A ƙasa kuma, idan mota tana gudun kilomita 100, mita 27.8 take ci a sakan ɗaya, wato 0.2 ya kama kimanin mita biyar da rabi, tsawon motar da ɗan ɗoriya.

Mujallun motoci sun daɗe da gane wannan. Car and Driver ta Amurka, baya ga gwajin tashi daga tsaye, tana yin wani gwajin da mota ke gangarawa a gudun mil 5 a awa, wato kusan kilomita 8, sannan a take totur har zuwa mil 60. A nan babu damar tara juyi tun kafin tashi, kuma motocin turbo masu tsarin tashin tsere su ne suka fi nuna bambanci tsakanin gwaje-gwajen biyu. Akwai kuma al'adar mujallun Amurka ta fara ƙirga lokaci bayan mota ta motsa ƙafa ɗaya, santimita 30, wadda ke rage kusan sakan 0.3 daga sakamako. Wato hanyar aunawa kaɗai tana iya haɗiye duk ribar da muke magana a kai. Shi ya sa kwatanta lambar mujalla da lambar kamfani ba tare da sanin yadda aka auna ba yakan ɓatar da mutum.

Sau nawa mai mota zai tsaya cik, ya danne birki da ƙafar hagu, ya jira inji ya yi kururuwa kafin ya tashi? A hanyar da jama'a ke bi, bai ma kamata ya yi ba.

Bayan tirela

A nan gizo ke saƙar. Mu ɗauka motar tana bin bayan tirela a gudun kilomita 80 a hanya mai hannu biyu, direba yana jiran sarari ya wuce. A saitin Normal, kwamfuta tana neman tsimin fetur da rage ƙara, saboda haka ta riga ta haye giya ta bakwai, wadda dama don tsimi aka yi ta (motar tana kai ƙarshen gudunta, kilomita 275, a giya ta shida ne). Inji yana juyi ƙasa da 2,000. Idan direban ya ɗaga ƙafa gaba ɗaya, akwatin yana iya buɗe kuloci ma, ya bar motar ta gangara, inji ya koma juyin tsayuwa.

Sarari ya samu, direba ya take totur. Ga abin da zai faru a jere. Kwamfuta za ta tantance cewa da gaske yake, ba ɗan ƙari yake nema ba. Za ta zaɓi giya, a ce ta uku. Sai dai ta bakwai da ta uku a kan kuloci ɗaya suke, kuma kuloci ɗaya ba ya riƙe giya biyu a lokaci guda. Dole akwatin ya bi ta wata giya a ɗaya ɓangaren, ya jingina da ita na ɗan lokaci, ya cire ta bakwai, ya saka ta uku, ya dawo. A tsakanin nan inji sai ya ɗaga juyinsa da dubbai don ya dace da sabuwar giyar, turbo kuma da ke barci sai ya farka. Kowane mataki gajere ne, amma idan aka tara su, direba yana jin su a jikinsa: ƙafa tana ƙasa, mota tana shiri.

Irin wannan tsallake na giya da yawa zuwa ƙasa shi ne wurin da akwatin kuloci biyu ya fi rauni, kuma ba laifin wani kamfani ba ne, haka ginin yake. Akwatin otomatik na gargajiya na zamani, irin mai giya takwas na kamfanin ZF, yana iya tsallake giya da yawa kai tsaye, ya kuma fi laushi a cunkoso, kuma BMW ta koma kansa a M5 da M3 na baya-bayan nan bayan ta yi shekaru da kuloci biyu.

Yanzu a sake wannan yanayin a Sport Plus. Motar tana bayan tirelar a gudu ɗaya, amma kwamfuta ta ƙi hawa sama. Tana riƙe da giya ta ƙasa, inji yana juyi a tsakiyar ƙarfinsa, ba a buɗe kuloci don gangarawa ba. Ana taka totur, ko dai babu canjin da za a yi, ko kuma mataki ɗaya ne zuwa giyar da ke maƙwabtaka, wadda akwatin ya fi ƙwarewa a kai.

Lissafi ya fi baki bayani a nan. Mutane da yawa suna ganin tunda ƙarfin murɗawar injin shimfiɗe yake, Nm 380 daga juyi 1,950 har 4,500, ai duk ɗaya ne ko a wace giya kake. Ba haka ba ne. Abin da ke tura mota a wani gudu shi ne ƙarfin doki, shi kuma ƙarfin murɗawa ne a ninka da juyi. Nm 380 a juyi 2,000 yana ba da ƙarfin doki kusan 108. Nm 380 ɗin nan dai a juyi 4,500 yana ba da kusan 243. Gudun mota ɗaya, inji ɗaya, taka totur iri ɗaya, amma turin da ke isa taya ya fi ninki biyu. Cikakken 300 ɗin kuwa sai a juyi 6,500 ake samunsa. Motar da ke zaune a giya ta bakwai, a wannan lokacin, ƙaramar mota ce ta gida mai kyan jiki, har sai akwatin ya gama aikinsa.

Mu ɗauka duk shirin nan ya ci rabin sakan fiye da na motar da ke cikin giyar da ta dace. A gudun kilomita 80, mota tana cin mita 22 a sakan ɗaya, wato mita 11 ke nan aka yi a hannun da ba naka ba, ba tare da ka fara wuce tirelar da gaske ba. Idan akwai mota mai tahowa da gudun kilomita 100, ku biyun kuna haɗuwa da saurin mita 50 a sakan ɗaya, rabin sakan ya cinye mita 25 daga sararin da ka gani da ido ka yanke shawara a kai. Wannan ya ninka mita biyar da rabin layin tashi sau huɗu da wani abu, kuma abu ne da direba ke fuskanta a kowace doguwar tafiya. Wannan ne ya fi damuna game da yadda ake tallata waɗannan motoci: lambar da ake bugawa da manyan haruffa ta shafi abin da da wuya a yi shi, ita kuwa wadda ta shafi lafiyar mutum ba a cika ambatonta ba.

Kamfanonin sun san da haka, shaidar kuwa tana kan sitiyari. A tsakiyar maɓallin Sport Chrono akwai wani ɗan madanni mai suna Sport Response. Idan aka danna shi, akwatin yana sauka zuwa giyar da ta dace, inji da turbo su shirya, na tsawon sakan 20, sannan komai ya koma yadda yake. Hyundai ma ta saka irinsa a akwatinta mai giya takwas na motocinta masu gudu da ake kira N, ta kira shi N Grin Shift, shi ma sakan 20. Ashirin ɗin ba a banza aka zaɓe ta ba, ta isa mutum ya shirya, ya fita, ya wuce, ya koma hannunsa. Abin da madannin ke yi shi ne ya ba direba damar gaya wa kwamfuta abin da ba za ta iya gani ba. Ita totur da birki take karantawa, ba ta ganin cewa tirela ta kusa kai wa miƙaƙƙiyar hanya.

Wanda motarsa ba ta da irin wannan madanni bai rasa komai ba, matuƙar tana da 'yan kunnuwan canza giya a bayan sitiyari. Ya ja na hagu sau biyu ko uku tun yana bayan tirelar, kafin ya fita. Kowane ja mataki ɗaya ne zuwa giyar maƙwabta, babu tsallake, babu ruɗa kwamfuta. Tun ran gini ran zane.

Dukan da ake ji a baya

Akwai wani abu da ke sa direbobi rantsuwa cewa Sport Plus ya fi sauri a kowane canji, wato ɗan naushin da ake ji a gadon baya lokacin da giya ta shiga. Yana da kyau a san asalinsa. Idan aka hau daga giya zuwa ta sama, dole juyin inji ya faɗo, a ce daga 7,000 zuwa 5,000. Inji da duk ƙarafan da ke juyawa tare da shi suna ɗauke da kuzari a wannan juyin, kuma dole kuzarin ya tafi wani wuri. A saitin laushi, kwamfuta tana rage ƙarfin inji na ɗan lokaci, ta hanyar jinkirta tartsatsin fulogi ko yanke fetur, don juyin ya sauko da kansa, kuloci ya kama a hankali. Wannan ne ma ke haifar da ɗan fashewar da ake ji a salansa a motoci da yawa. A saitin tsere kuwa, ana rage wannan sassaucin, kuloci ya kama da ƙarfi, ya jawo injin ƙasa da tsiya, kuzarin ya zube cikin tayoyi. Riba ce ta gaske, amma 'yar ƙarama, kuma jiki yana kambama ta fiye da yadda agogo ke nunawa. Jikin mutum ya fi jin sauyi na farat ɗaya a kan turi mai ɗorewa.

Abin da ya fi naushin tasiri shi ne inda aka yi canjin. Mu ɗauka giya ta gaba tana sauke juyin inji da kashi 30 cikin 100. Wanda ya canza a 5,000 zai faɗa 3,500, inda injin ke ba da ƙarfin doki kusan 190. Wanda ya jira har 7,000 zai faɗa 4,900, inda yake da sama da 250. Saboda haka ne wurin canji mafi kyau yakan wuce ƙololuwar ƙarfin inji da kaɗan: ana sadaukar da ɗan abu a ƙarshen wannan giya don a sauka a wuri mai kyau a ta gaba. Idan totur yana ƙasa baki ɗaya, yawancin akwatunan nan suna kai inji kusa da jan layin da ke nuna iyakar juyinsa ko da a Normal ne, shi ya sa bambancin saiti ke raguwa sosai da zarar mota ta riga ta miƙa. Inda saitin ke rabuwa shi ne a rabin totur da kashi uku cikin huɗu, wato inda ake yawan tuƙi.

Game da canzawa da hannu a miƙaƙƙiyar hanya, ra'ayina a fili yake: kwamfuta ta fi mutum. A giya ta ɗaya da ta biyu allurar juyi tana tashi da saurin da ido ba ya bi, kuma a motocin da ba sa hawa da kansu idan an sa su a hannu, jinkiri kaɗan zai sa inji ya bugi iyakarsa, fetur ya yanke, a yi asarar da ta fi duk ribar saitin. Amfanin hannu yana wurin sauka kafin buƙata ta zo, da kuma riƙe giya ɗaya a cikin kwana.

Bakin kwana, bayan ruwa

Duk lissafin da ya gabata yana tsaye ne a kan sharaɗin cewa taya tana riƙe da kwalta. Iyakar kowace mota ke nan. Ko da taya za ta iya tura mota da ƙarfin da ya kai nauyinta cif, sai ta ɗauki sakan 2.8 kafin ta kai kilomita 100, kuma motar da tayoyi biyu kaɗai ke turawa ba ta da duk nauyinta a kansu. Idan hanya ta jiƙe, wannan iyakar tana saukowa ƙasa sosai.

A nan duk abin da ya sa Sport Plus ya yi fice bayan tirela yana juyowa kan direba. Giya ta ƙasa tana nufin turi mai yawa a taya. Totur mai saurin amsawa yana nufin ɗan motsin ƙafa ya zama babban umarni. Naushin canjin giya kuma, idan ya zo daidai lokacin da tayoyin baya ke fama da riƙe kwana, yana iya zama abin da zai ƙwace su. Na'urar hana zamewa za ta shiga tsakani, ta rage ƙarfin inji, ta taɓa birki a tayar da ta kuɓuce, motar ta riƙa tafiya tana tsinkewa. Mota iri ɗaya a saiti mai laushi, a giya ɗaya sama, tana ba taya abin da za ta iya ɗauka a jere, kuma sau da yawa ita ke riga fita. Porsche da kanta ta amince da wannan a 911 ƙirar 992, inda ta ƙara saitin Wet, wato na jiƙaƙƙiyar hanya, har da na'urori a cikin ramin tayoyin gaba masu sauraron ƙarar feshin ruwa don su gargaɗi direba. Saitin yana sassauta amsar totur da yadda giya ke shiga.

Zafi ma yana da nasa hukunci, ko da yake zan taƙaita. Duk lokacin da kuloci ke zamewa, bambancin juyin da ke tsakanin ɓangarorinsa biyu yana komawa zafi. Kulocin PDK a cikin mai yake, man ne ke kwashe zafin, shi ya sa ya fi jurewa a kan busasshen kuloci da ake sa wa ƙananan motoci. Duk da haka kwamfuta tana auna zafin, kuma a motoci da yawa tana hana tashin tsere idan inji bai ɗumama ba ko kuma akwatin ya yi zafi fiye da kima. Iska mai zafi ko wuri mai tudu sosai suna rage wa inji numfashi, tsohuwar taya ko mai sanyi tana rage riƙo. Lambar 4.7 an same ta ne a busasshiyar kwalta mai kyau, da taya mai kyau, a yanayin da ya dace, kuma maɓallin sitiyari ba ya iya samar da ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Da ni ne a kujerar wannan direban, zan bar motar a Normal a yawancin tafiya ba tare da jin na yi asarar komai ba, in koma Sport idan hanya ta fara lanƙwasa, in ajiye Sport Plus da tashin tsere sai ranar da na shiga filin da aka keɓe don haka. A bayan tirela kuwa, tun ina hango ƙarshen kwanar da ke gabanmu zan ja kunnen hagu, in ga allura ta tsaya wajen 4,000, in bar tazarar da za ta ba ni damar ganin gaba, sannan in sa sigina.